Batir Uku, Tafiyar Awa Goma Sha Biyar

Shafi na 31

Daga bakin Tsohuwa Kunnen Bango

To, 'yan son jin ƙwaƙwaf, ga ni. Tun jiya kuke cika min waya kamar 'yan tsakin da suka hango tsaba. Ke kuma da kika ce in kin kama Rediyo sai kin ɗinke mata baki, ki bari ki karanta na yau tukuna.

Wadda ta shigo yau, kada ki dame ni da tambaya, ga inda muka kwana. Huhun Mai Agogo ya lalace, da inji yake numfashi, likita ya ce da wuya ya ga baɗi. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da 'yarsa Auta, ita ce fari ita ce autar, tana can bayan teku da 'ya'ya biyu da bai taɓa ɗauka ba. Sai da aka yi shekara biyu ana zarya sannan biza ta fito. Gobe ne tafiya, shi da matarsa Inna tela.

Ƙarfe sha ɗaya na safe Inna na tsaye a gaban kantar ofishin jirgi, ta rungume jaka kamar jariri. Maƙwabciyarta Rediyo na gefe tana leƙen takardun mutane.

"Ai ni na ce sai an zo," in ji Rediyo. "Ɗan ƙanwar mijin ƙawata har filin jirgi ya je aka maido shi, don takardar likitansa babu hatimi."

"Malam dai ya ce ba sai an zo ba."

"Malam ya taɓa hawa jirgi? Ko tsani bai cika son hawa ba."

Ma'aikaciyar da ke bayan kantar ta karɓi takardar likita ta karanta, ta gyara zaman gilashinta.

"Injin numfashi zai shiga da shi ke nan. Batir nawa kuka tanada, Mama?"

"Uku."

Inna ta zuge jaka ta jera su a kan kantar ɗaya bayan ɗaya. Har riga ta ɗinka wa kowanne, da 'yar igiyar zugewa.

"Kowanne awa huɗu yake yi. An ce dokarku, a riƙe na tsawon tafiya a ƙara rabinsa. Tafiya awa takwas, rabi huɗu, sha biyu ke nan. Ni tela ce, 'yata, ba na sa almakashi sai na auna sau biyu."

Matar ta dube ta. Ta dubi kwamfuta. Ta sake dubanta.

"Wa ya ce miki awa takwas ce?"

"Ga shi nan a tikiti. Tashi tara na safe, sauka biyar na yamma." Inna ta shiga lanƙwasa yatsu. "Goma, sha ɗaya, sha biyu, ɗaya..."

"Mama."

"...biyu, uku, huɗu, biyar. Takwas cif."

"Mama, taran nan ta agogonmu ce. Biyar ɗin ta agogonsu ce. Mun riga su da awa bakwai. Awa goma sha biyar za ku yi a sama."

Yatsun Inna suka tsaya a lanƙwashe.

"Sha nawa?"

"Sha biyar. In an ƙara rabi, ashirin da biyu da rabi. Batir shida kuke buƙata."

Rediyo ta dafe ƙirji. "Sha biyar! Jirgin da ƙafa yake tafiya?"

"Kilomita dubu goma sha biyu ne da ɗoriya, Hajiya."

"To ba ya tsayawa shan mai? Ko fasinja su sauka su kama ruwa? Sai a jona batirin a lokacin."

"Fiye da rabin hanyar teku ne. A ina zai tsaya?"

Inna ta dafa kantar da hannu biyu.

"A cikin jirgin babu wuta? Na ji ana cajin waya."

"Akwai, amma doka ta hana a dogara da ita a kan ran mutum. Tana iya ɗaukewa."

"Wani jirgin fa? Mai yada zango?"

Matar ta daddanna, ta girgiza kai. "Akwai mai tsayawa sau ɗaya. Zangon farko awa bakwai, na biyu awa sha biyu. Na biyun kaɗai yana son batir biyar."

"Uku ne a garin nan kaf," in ji Inna, muryarta ta shige ciki. "Injin tsohon yayi ne. Babu shagon da ban shiga ba. Sun ce in an yi oda sai mako biyar."

"Bizarku fa?"

"Kwana tara ya rage."

Har Rediyo ta yi shiru, abin da ko a gidan makoki ba ta yi.

"Ki buga min hatimin nan, 'yata. Don girman iyayenki. Ba zai dame ku ba, mutum ne mai kawaici. Zai zauna ya lumshe ido har a sauka."

"Abin da nake tsoro ke nan, Mama. Iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce, ta fi ƙaranci. Mai lafiya ma yana jin ta a jikinsa." Ta turo mata takardar a hankali. "Dole in rubuta a kwamfuta cewa batirinsa bai cika ba. Ko kun je filin jirgi gobe, ba za su bar shi ya shiga ba. Ki yafe ni."

Ta danna. Inna na kallo.

A motar haya Rediyo ta dawo da bakinta. Wai za ta zaga asibitoci, wai akwai wani mai gyaran rediyo da ke haɗa batir, wai a tambayi mai kemis. Inna ba ta ji ko ɗaya ba. Abu guda ke mata yawo a kai: da wane baki za ta gaya wa Malam? Mutumin da tun shekaranjiya ya sa aka yi masa aski. Mutumin da ya zauna da tabarau ya gyara ƙananan agogo biyu na hannu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ya naɗe su a hankici don jikoki.

Rediyo ta so ta biyo ta ciki.

"A'a. Tsaya a gidanki."

"In taya ki faɗa mana..."

"Kin taya ni isasshe yau."

Tana tura ƙofar falo ta san akwai abin da ba daidai ba. Wata takwas ke nan gidan bai rabu da gurnanin injin nan ba, har ta daina jin sa. Yanzu da babu shi, sai shirun ya doke ta kamar mari.

"Malam?"

Yana kan kujerarsa ta bakin taga. Robar hancin na kan cinyarsa. Injin a kashe. Agogon aljihu na hannunsa na dama, ya ƙura masa ido. Leɓensa ya yi baƙi ƙirin, ƙirjinsa na ɗagawa kamar na kazar da aka kora.

"Innalillahi! Malam!"

Ta zubar da jakar ta yi kan injin. Ya ɗaga mata hannu.

"Bari... saura... kaɗan..."

Ta buge hannun, ta danna makunni, ta cusa masa robar a hanci. Sai da ta kuskure sau biyu. Ta durƙusa tana shafa masa baya har baƙin leɓen ya fara washewa.

Da ya samu magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Kin ɓata min. Na kusa sha biyu."

"Sha biyun me?"

Idonta ya sauka a kan ɗan littafin da ke hannun kujera, wanda da can yake rubuta agogon mutane a ciki. Ta ɗauka. Ya miƙo hannu, ta ja baya.

Litinin, shida. Talata, shida da rabi. Laraba, biyar, na faɗi. Haka shafi bayan shafi, mako bakwai cur. Na jiya an rubuta sha ɗaya, an ja masa layi biyu a ƙasa.

Kun tuna a shafi na 24 da ya faɗi a ƙofar banɗaki, Inna ta ɗora wa turaren Rediyo laifi har suka yi kwana uku ba sa gaisawa? To ga turaren nan.

"Mene ne wannan?"

"Minti ne."

"Mintin me, Malam?"

"Da nake yi... babu inji."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ɗaga kai. A bangon da ke gabanta agogo biyu ne a jere. Na dama na gida. Na hagu shi suke kira agogon Auta, shi da kansa ya saita shi ranar da ta tafi, kullum yana bayan ɗan'uwansa da awa bakwai. Shekara goma sha ɗaya tana goge masa ƙura. Shekara goma sha ɗaya tana duba shi kafin ta kira 'yarta. Amma ranar da tikiti ya zo, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba.

"Ka sani," ta ce. "Ka san sha biyar ce."

"Shekara arba'in... ina cikin agogo."

"Kai ka karanta min tikitin. Kai ka ce, tashi tara, sauka biyar, ƙirga ki gani. Na ƙirga kana kallona. Har ka ce Innar Auta akwai kai!"

"Ban ce miki... takwas ba. Ke kika ce."

"Kada ka yi min wayon 'yan kasuwa a tsufanka!"

Ya sunkuyar da kai. Ya ja numfashi uku kafin ya ci gaba.

"Lissafin ya fita. Saurara ki ji. Awa sha biyar. Kowace awa... in kunna minti arba'in da takwas, in kashe sha biyu. Batir uku... za su kai ni har ƙasa. Daidai wa daida. Ko minti ba ya ragowa, amma za su kai."

"Hau da jiran layi fa? In jirgin ya yi latti fa? Sun ce iskar sama ma ba ta kai ta ƙasa ba."

Ya ɗago da sauri. "Su wa suka ce?"

Ta kau da kai gefe.

"Ina kika je?"

"Ofishin jirgi."

"Na ce kada ki je."

"Ka ce."

"Sun ga batirin?"

"Sun gani. Sun rubuta a kwamfuta. Ba za su ɗauke ka ba."

Wallahi da ya yi ihu da ya fi mata. Bai yi ba. Ya rufe murfin agogon aljihun, ƙit, ya ajiye shi a kan taga a hankali kamar ƙwai.

"Minti ɗaya ya rage min," ya ce. "Da yau na cika."

"Da ka cika me? Da ka mutu min a kan teku, ina zaune kusa da kai an ɗaure ni da bel, babu wanda na sani? In yi awa nawa da gawarka a kafaɗata? Ka lissafa wannan a littafin?"

"Na lissafa."

"Me?"

"In ma hakan ta faru... can za a sauke ni. Za ta ga fuskata. Yaran za su san... kakansu mutum ne, ba hoton waya ba. Nan ɗin ma mutuwar ce, Innar Auta. Gara ta same ni... a hanya."

Inna ta toshe baki da gefen mayafi. Kukan ya ƙi tsayawa a ciki. Shekara talatin da takwas da aure, ko sau ɗaya mutumin nan bai taɓa ɓoye mata ko ciwon haƙori ba. Ashe duk la'asar ɗin da take cikin ɗakin ɗinki tana taka keke, tana ɗinka wa batir riga, shi yana nan yana shaƙe kansa da agogo a hannu.

"Da ka gaya min tun farko, da an yi odar. Mako bakwai! Da sun iso."

"Na yi. A ɓoye. Sau biyu." Ya girgiza kai. "Sun daina ƙera irinsa. Mako biyar ɗin nan... abin da suke gaya wa kowa ne."

Ta share fuska. "To sai a gaya wa Auta gaskiya."

"A'a!"

Ƙarfin da ya sa ya jawo masa tari. Ta tashi ta riƙe shi har ya lafa. Ya damƙe mata wuyan hannu, yatsunsa sanyi ƙalau.

"Ki ji ni da kyau. Ranar da likita ya faɗi maganarsa... ta kira ni kina kasuwa. Ta ce, Baba, in ba za ka iya zuwa ba, ni zan zo."

"To ai..."

"Takardunta na zama a can ba su fito ba! In ta sa ƙafa ta fita... shekara goma ba za ta koma ba. Uban yaran da suka rabu, jira yake. Ranar da ta hau jirgi, ranar zai kwashe su. Ƙaramar shekararta huɗu." Ya tsaya ya nemi iska. "Ni shekara sha ɗaya na yi... babu 'yata. Na san ɗacinsa. In ɗora mata irinsa... don ta zo ta ga tsoho yana tari?"

"To me za mu ce mata? Gobe za ta je filin jirgi ta tsaya."

"Ki ce... an ɗaga tafiyar. Ki ce mako mai zuwa. In ya zo, ki ce na gaba."

"Har yaushe?"

Ya dube ta kawai. Ta gane har yaushe.

Wayar ta ɗauki ƙara a cikin jakar da ke yashe a ƙasa. Ƙarfe biyu na rana, can bakwai na safe, lokacin da Auta ke kira kafin ta kai yara makaranta.

"Kada ki ɗauka."

"In ban ɗauka ba, wayar Rediyo za ta kira."

Ai kuwa ya san ma'anar wannan. Ya saki hannunta.

Fuskar Auta ta cika wayar, da ɗankwali a karkace, tana dariya.

"Inna! Gobe war haka kuna sama! Ku ga abin da 'yan rigimar nan suka yi." Ta juya wayar. Yara biyu na riƙe da kwali, an zana jirgi mai fuka-fuki huɗu da wani tsoho a kan rufinsa. "Wai Kaka ne, ya ƙi shiga ciki. Na gyara muku ɗakina, ni zan koma wurin yara. Ina Baban?"

"Ga shi."

"Baba! Kai, wannan aski haka, amarya za ka nema a nan?"

Ya yi murmushi. Allah ya sani daga ina ya samo shi.

"Inna, kada ki manta, duka shidan za ki yi wa caji yau, ba huɗu ba, ba biyar ba. Kuma a jakar hannu za ki sa su."

"Shida?" in ji Inna.

"Batirin mana. Baba ya ce tun wancan watan kuka cika shida."

Inna ta juya ta dube shi. Yana bayan wayar inda Auta ba ta ganinsa. Ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji yana roƙonta, yana girgiza kai, hawaye na bin gefen robar hancin.

"Inna? Lafiya? Idonki ya kumbura."

"Mura ce."

"Ba mura ba ce. Nuna min su."

"Me?"

"Batirin. Jera min su in gani."

"Suna cikin akwati, an riga an..."

"Inna, tunda kika haife ni ba ki iya ƙarya ba. Ga ɗaya can a ƙasa bayanki, cikin riga mai fure. Ina sauran?"

Inna ta dubi mijinta. Ta so ta riƙe, Allah ya gani ta so.

"Uku ne, Auta. Tun farko uku ne. Sun ce ba za su ɗauke shi ba."

Mai Agogo ya saki wani sauti kamar an taka shi.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta ce da yaran su je su sa takalmi. Ta jira har ƙofa ta rufu. Sannan ta matso da fuskarta.

"Jirgin da zai ɗauko ku gobe, daga nan yake tasowa yau. Ƙarfe goma. Dawowa awa sha huɗu ce."

"Auta, kada ki..." Ya fizge wayar. "Ban yarda ba! Ban yafe ba in kika... Auta! Yaranki!"

"Ka yi haƙuri, Baba."

Fuskar ta ɓace.

Inna ta kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. A na uku aka ce wayar a kashe take.

"Awa uku ya rage," in ji Mai Agogo, yana kokawar tashi daga kujera, robar na jan hancinsa. "Nemo wani... a can... ya je ya tare ta a filin jirgi. Maza!"

Inna ta bi sunayen da ke cikin wayar daga sama har ƙasa. Ta sake bi daga ƙasa har sama.

"Wa muka sani a can, Malam?"